Tafiya ta taso, kifaye suna gida: yaya kuka yi da naku?

Maman Gupi:
Assalamu alaikum. Tafiya ta taso mana ni da maigida da yara, za mu yi kamar mako biyu ba ma nan, kuma tun da na fara kiwon kifi gidan bai taɓa zama babu kowa ba. Akwatin gilashina yana cin lita 80, a ciki akwai manyan gupi (wasu ƙananan kifayen ado) da 'ya'yansu da aka haifa kwanan nan, sannan akwai matatar ruwa da famfon iska da hita mai ɗumama ruwa. Abincinmu ba shi ne damuwata ba, domin na riga na fara dafawa ina ajiyewa a firiza saboda ranar dawowa. Na kifayen ne ya hana ni sukuni. Maƙwabciyata ta yi tayin shigowa kullum ta ba su abinci, sai dai ba ta taɓa kiwon kifi ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa kulle gida suka bar kifayensu su gaya mini abin da suka yi da abin da suka tarar.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki game da yunwa, domin ba ita ce ke kashe kifi a irin wannan hali ba. Kifi ba ya ƙona abinci don ɗumama jikinsa kamar yadda mu muke yi, zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne, shi ya sa babban kifi mai lafiya yake yin mako guda babu abinci ba tare da ya nuna alamar komai ba, mako biyu ma yana jurewa. Tun da na bar aiki nake yawan tafiya, kuma abin da nake tararwa kusan iri ɗaya ne kowane lokaci: cikin kifayen ya ɗan shafe, sun tsince gansakukar jikin gilashi da ta duwatsu, ruwan kuwa ya fi yadda yake haske lokacin da nake gida ina zuba musu abinci safe da yamma.

Abin da nake yi shi ne, kwana biyu ko uku kafin tafiya sai in canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in zuƙe dattin da ke cikin tsakuwa da tiyo. Ba na yin wannan a ranar tafiya, saboda ina son in ga da idona cewa babu inda ke yoyo kuma kowace na'ura ta koma aiki. Matatar ruwa kuwa ba na taɓa ta a makon ƙarshe. Dalili shi ne, kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce mai ƙona wurin numfashin kifi, kuma ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a cikin soson matatar su ne ke mayar da ita naitirayit, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma canjin ruwa ke fitar da shi. Wanda ya wanke soson nan tas da ruwan famfo mai kilorin ana gobe tafiya, don yana son ya bar komai fes, garin neman gira zai rasa ido. Haka kuma ba na sayen sabon kifi idan tafiya ta kusa, domin idan ya zo da cuta ba na nan za ta bayyana. Shawarata ita ce maƙwabciyarki ta riƙa leƙowa ta duba, amma kada gwangwanin abinci ya shiga hannunta.

Hajiya Mai Kifin Zinare:
Baba ya faɗi gaskiya, ni kuma ganau ce. Na taɓa barin kifayen zinarena a hannun wani ɗan'uwanmu mai kirki, na nuna masa adadin da zai ɗiba da yatsu biyu. Ranar da muka dawo, tun daga bakin ƙofar falo wari ya tare ni. Ruwan ya yi fari har ba a ganin bayan akwatin, abinci ya kwanta a kan tsakuwa ya yi farin gashi, kifayen kuma duk sun taru a sama suna haɗiyar iska. Gwangwanin abincin da yakan kai ni wata da watanni, an zubar da fiye da rabinsa a ruwa. Da na tambaye shi, sai ya ce duk lokacin da ya shigo sai su taso gaban gilashi suna buɗe baki, shi kuwa ba zai iya kallon dabba tana roƙo ya hana ta ba. Ban ga laifinsa ba, domin kifin zinare ba shi da tumbi irin wanda ke cika ya ce ya ƙoshi, abinci wucewa yake yi kai tsaye zuwa hanji, kuma roƙo ɗabi'arsa ce ko yanzu aka gama ba shi.

A daren na canza rabin ruwan da wanda na cire wa kilorin na kuma daidaita zafinsa da na akwatin, na ci gaba da haka kullum har ruwan ya washe, ban ba su ko ƙwaya ɗaya ba a tsawon lokacin. Duk da haka biyu daga cikin manyan ba su tashi ba. Yanzu idan zan yi tafiya, ƙaramin akwatin nan na ajiye ƙwayoyin magani mai ɗakuna bakwai nake cikawa, ɗaki guda na ciyarwa guda, bayan kowane kwana uku, gwangwanin kuma in kulle shi a inda mai leƙowa ba zai gani ba.

Malam Mai Gyaran Wuta:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ni dai ina ganin an fi mayar da hankali kan abinci, alhali abin da ya taɓa yi mini ɓarna wuta ce. An ɗauke ta muna hanya, famfon iskana kuma yana ƙasa da akwatin, sai ruwa ya biyo siririn tiyon iska ya gangaro cikin famfon, ya jiƙa kafet, akwatin ya ragu sosai. Maganin wannan ɗan bawul ne mai barin iska ta wuce gaba ya hana ruwa dawowa, ko kuma a ɗora famfon a sama da bakin ruwa. Maman Gupi, ki duba naki yau. Ki kuma cire filogin matatarki ki mayar, ki gani ko tana tashi da kanta, saboda akwai masu rataye a bayan akwati waɗanda sai an zuba musu ruwa kafin su sake ja, kuma idan matatar ta yi sa'o'i da yawa a tsaye bakteriyar da Baba ya ambata suna rasa iska su fara mutuwa. Famfon iska mai batir wanda ke kunna kansa idan wuta ta ɗauke ya fi kowace na'urar ciyarwa amfani a wurina. Lokacin zafi abin ya fi tsanani, domin ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin kamar miligiram 9 a kowace lita, amma a digiri 30 bai fi 7 da rabi ba, ga shi kuma a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarsa.

Na gwada na'urar da ke juyawa ta zubo abinci. Tana aiki idan abincin ƙwayoyi ne, amma na falle-falle yana shan danshi ya dunƙule ya toshe bakinta. Wanda zai yi amfani da ita ya kunna ta mako guda yana gida yana kallo. Farin dunƙulen abincin nan da ake sayarwa don a jefa a ruwa ya riƙa narkewa, ban ga alherinsa ba, ruwa kawai ya gurɓata mini.

Uwargida Mai Girki:
Malam, maganar wuta ta tuna mini da dabarar da nake yi saboda abincin da nake daskarewa, kuma tana yi wa kifaye amfani. Nakan daskarar da ruwa a kofi, in ɗora tsabar kuɗi ta ƙarfe a kan ƙanƙarar, in mayar firiza. Idan na dawo na same ta a sama, wuta ba ta yi dogon ɗaukewa ba. Idan ta nutse ƙasa, na san ƙanƙarar ta narke ta sake daskarewa, sai in zubar da naman da nake shakka a kansa, in kuma ɗauka cewa matatar kifi ma ta daɗe a tsaye, don haka in fara da canjin ruwa kafin in ba su komai.

Ni da kaina nake dafa wa kifayena abinci: ina tafasa koren wake in ɓare bawon, in haɗa da ɗan alayyafo da kifi ko jatan lande, in markaɗa, in zuba jelatin ya kama, in yanka ƙanana in daskare. Suna son sa ƙwarai, amma ba na barin sa ga mai leƙowa, saboda ɗanyen abinci ya fi busasshe saurin ɓata ruwa. Gargaɗina na gaske shi ne feshin maganin kwari. Mutane da yawa sukan feshe gida kafin su kulle, kuma yawancin magungunan nan suna ɗauke da sinadarai irin su fametirin, waɗanda ɗan kaɗan daga cikinsu ke kashe kifi, famfon iska kuma iskar ɗakin yake turawa cikin ruwa. Na hana a yi feshi a ɗakin da akwatina yake. Ki kuma gaya wa maƙwabciyarki kada ta tsoma hannu a ruwan idan akwai sabulu ko man shafawa a jikinsa. Da akwatina yana kusa da kicin, kullum sai in ga maiƙon suya ya yi yana a saman ruwa, sai da na matsar da shi abin ya daina.

Yayan Beta:
Ban ga wanda ya taɓo 'ya'yan gupin ba, kuma a nan ne maganar Baba ba ta kai ba. Ƙananan ba su da kitsen da za su jure azumi, ga shi iyayen suna cin su, balle idan yunwa ta kama iyayen. Macen gupi tana haihuwa kusan bayan kowane mako huɗu, saboda haka mai yiwuwa ki tarar da sababbi ma. Ni na kwashe nawa na kai wa abokina mai kiwo, na karɓo su da na dawo. Idan babu wanda za ki kai wa, ki cika wani ɓangare na akwatin da ganye masu yawa inda za su ɓuya su tsinci ƙananan halittun da ke jiki, ki kuma yarda cewa ba duka za ki tarar ba.

Mai Karatun Dare:
Maganar ganye ta sa zan sa baki. A gefen akwatina nake karatu kowane dare, kuma a cikin littattafan tarihin wannan sana'a na ci karo da labarin Robert Warington, masanin haɗa sinadarai a Landan, wanda a 1850 ya ba da rahoton yadda ya ajiye ƙananan kifayen zinare biyu a tulun gilashi mai cin galan 12 tare da ciyawar ruwa da ake kira Vallisneria. Da ganyen suka fara ruɓewa ruwa ya gurɓace, sai ya saka dodon koɗi suka cinye ruɓaɓɓen, ruwan ya washe. Na bi wannan hanya, na dasa ganye masu rai sosai, na rage yawan kifaye, kuma tun daga nan tafiya ta daina ba ni tsoro. Abin da ganye ke buƙata shi ne haske mai ƙa'ida, don haka fitilar tana kan agogon da ke kunna ta sa'o'i takwas a rana. Wanda ya bar fitila a kunne dare da rana zai tarar da koren ruwa, haka ma wanda ya bar labule a buɗe rana tana dukan gilashi. Murfi ma wajibi ne, yana rage ƙafewar ruwa, yana hana kifi tsalle, sannan littattafan da ke kan shiryayyen da ke saman akwatina sun daina kumbura da danshi tun da na sa shi.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kifaye biyu ƙanana a galan 12 ba ɗaya suke da akwati cike da gupi masu haihuwa kowane wata ba, kuma da dare ganye ma shan oksijin suke yi. Kada wani ya karanta wannan ya kashe famfonsa ya tafi.

Maman Gupi:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, famfona a ƙasa yake kuma babu bawul, gobe zan nemo. Maƙwabciyata za ta shigo bayan kowane kwana uku da akwatin ɗakuna bakwai irin na Hajiya, 'ya'yan kuma zan bar su cikin ganye. Saura tambaya ɗaya: maigida yana son a kashe duk kayan wuta kafin a kulle gida. Shin in cire hitar?

Malam Mai Gyaran Wuta:
Kada ki cire ta idan ɗakin yana yin sanyi da dare, domin gupi suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, kuma hita tana kashe kanta idan ruwa ya kai zafin da aka saita. Haɗarinta ɗaya ne, wato ruwa ya ƙafe ya bar ta a waje tana aiki, gilashinta ya fashe. Ki cika akwatin har baki kafin ki tafi, idan irin wadda ake nutsarwa gaba ɗaya ce ki kwantar da ita can ƙasa, ki manna ɗan tef a jikin gilashi daidai inda ruwa bai kamata ya sauka ƙasa da shi ba, sannan ki ajiye bokitin ruwan da kika riga kika cire wa kilorin a rufe kusa da akwatin, maƙwabciyarki ta ƙara daga ciki idan ruwa ya kai tef ɗin. Ki kuma nuna wa maigida soket ɗin akwatin tun yanzu, ki rubuta a jikinsa cewa ba a kashewa.