Layin faiba ɗaya, shigga biyu: yaya za a raba ba tare da an leƙa kwamfutar aiki ba?

Abu Sadik, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Muna da layin intanet na faiba a shiggarmu (sashenmu na bene) ta hawa na farko, da ikamata (katin zamana a Saudiyya) aka yi rajistarsa, rautar kuma ta kamfani ce mai ramukan kebul huɗu a baya. Abin da ke kanta: kwamfutar tebur da ake lissafin kargo (akwai sunayen masu kaya da hotunan fasfo a ciki), firinta, tsohuwar laftof ta yara mai Windows 7, talabijin, sai wayoyi. Yanzu ƙanena ya tare a hawa na biyu, za mu raba layin da kuɗin wata, amma Wi-Fi ba ya kaiwa sama. Akwai wata rauta TP-Link a ajiye. Yaya zan kai masa intanet ba tare da na'urorin gidansa da na baƙinsa sun ga kwamfutar aiki ba?

Injiniya Bala, Riyad

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar sama, a fara gyara rautar da ke hannu, don duk abin da za ka ƙara a kanta zai rataya.

Juya ta ka duba takardar da ke manne a ƙasa. Za ka ga adireshin shiga, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.100.1, da suna da kalmar sirri. Haɗa kwamfuta da ita da kebul, ka rubuta adireshin a burauza. Kalmomin sirri biyu ne a nan, kuma mutane na yawan haɗa su: ta Wi-Fi, wadda ake ba yara da baƙi, da ta shiga cikin rautar kanta. Ta biyun ce ake bari yadda ta zo, alhali duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka kuma ya san ta, zai iya sauya komai. Canza ta, kada ta zama iri ɗaya da ta Wi-Fi.

A sashen tsaron Wi-Fi zaɓi WPA2 mai AES, ko WPA3 idan na'urorinka duk sun yarda da shi. WEP da TKIP sun tsufa, kada ka taɓa su. Kalmar ta kai harafi 14 ko fiye, kuma ba lambar jawwal (wayar hannu) ɗinka ba, wadda duk wanda ya taɓa aiko kaya yana da ita.

Sai ka kashe WPS, hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi da lamba ko maɓalli ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Lambarsa guda 8 ce, amma tun 2011 aka gano rauta tana duba ta gida biyu, rabin farko daban, na biyu daban, don haka gwaji kimanin 11,000 ya isa a cinke ta, daga nan rautar da kanta za ta miƙa kalmar Wi-Fi komai tsawonta. Kashe UPnP (mai barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa zuwa waje) da sarrafa rauta daga waje su ma. Idan akwai zaɓin Wi-Fi na baƙi, kunna shi, ka tabbatar ba a ba shi damar shiga na'urorin gida ba, ka mayar da talabijin da wayoyin masu ziyara can.

Ɗan Jarwal, Makka

Kan hawa na biyu kuwa, Alhaji, kebul za ka ja. Ginin nan namu siminti ne da rodi, dabe ɗaya ya isa ya cinye siginal, musamman na 5 GHz. 'Yan na'urorin nan masu ƙara nisa da ake sokawa a soket, mai rediyo ɗaya tana raba gudun kusan biyu, domin da baki ɗaya take karɓa take mayarwa.

Sayi Cat6, ko Cat5e ma ya isa gigabit, iyakarsa mita 100 kuma ba za ka kai ko rabi ba. Shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a Jidda ba za ka rasa ba. Ka ce a ba ka na jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha da aka rubuta CCA a kwalinsa, alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. Ka kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki to shi ne, kuma yana saurin karyewa a wurin matse kai. In ta bayan gini zai bi, a sa shi cikin bututu, ranar Jidda ba ta barin roba. A matse duk wayoyi takwas ɗin. Idan ɗaya ba ta kama ba, layin kan sauko zuwa 100 Mbps ka yi ta zargin kamfani.

In ya isa sama ka soka shi a ramin WAN na TP-Link ɗin, wato ramin da intanet ke shigo wa rauta ta shi. Shi ke nan ƙanenka yana da nasa gidan, kai kana da naka.

Injiniya Bala, Riyad

Malam Ɗan Jarwal, maganar kebul ba ƙari a kai, amma ta ƙarshen tana buƙatar gyara. Rautar da aka shiga ta WAN, waɗanda ke bayanta take karewa. Kamar ɗaki ne da tsakar gida: na cikin ɗaki yana iya fitowa tsakar gida, na tsakar gida ba ya shiga sai an buɗe masa. In aka yi yadda ka ce, gidan ƙanin ne ya shiga ɗaki, kwamfutar kargo tana tsakar gida, kuma kowace waya a sama tana iya kaiwa gare ta.

Don haka, Alhaji, kwamfutar aiki da firinta su ne za su koma bayan TP-Link. Kebul gajere daga ramin LAN (ramukan da ake soka na'urorin gida) na rautar kamfani zuwa WAN na TP-Link, kwamfuta da firinta a ramukanta na LAN. Dole jerin adireshinsu ya bambanta: in ta kamfani tana 192.168.1.1, ka mayar da TP-Link 192.168.50.1. In suka zo ɗaya, za ka ga fitilu suna ci amma ba intanet. Duk gyaran da na faɗa a sama a maimaita a kanta, a kuma sabunta manhajarta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. In ya daina fitar mata da sabuntawa, gara a sayi wata.

Ƙanenka ya sayi tasa rautar, ya shiga ta WAN shi ma, da adireshi 192.168.60.1. Ta haka na'urorin gidansa ba sa ganin kwamfutar aiki, ita ma ba ta ganin nasu. Illar ɗaya ce: rauta bayan rauta kan dami wasannin PlayStation ta intanet. Idan yaransa sun yi ƙorafi, a sa adireshin rautarsa a DMZ na rautar kamfani (sashen da ke miƙa duk abin da ya shigo daga waje kai tsaye ga na'ura ɗaya), tasa kaɗai.

Abin da ba a yi shi ne soka kebul a LAN na rauta ta biyu a bar DHCP ɗinta, mai raba wa na'urori adireshi, a kunne. Rautoci biyu za su riƙa raba adireshi a lokaci guda, yau waya ta hau gobe ta ƙi.

Maman Hanan, Madina

Yaya Abu Sadik, ni laftof ɗin yaran ce ta fi tsaya mini. Microsoft ta daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma ta bi sahu a 14 ga Oktoban 2025. Irin wannan na'urar, da yara masu sauke wasannin banza, ita ce ƙofar ɓarna. WannaCry ta 2017, muguwar manhaja mai kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa, daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta riƙa tsallakawa ta hanyar raba fayil ta SMB1, ba sai an danna komai ba. A bar laftof ɗin a Wi-Fi na baƙi, ko a sa mata Linux Mint, wanda ba ya wahalar da tsofaffin na'urori.

A kwamfutar aiki, a kashe raba fayil in ba a amfani da shi, a bar garkuwar Windows a kunne, a yi aikin yau da kullum da asusun da ba na mai gudanarwa ba. Hotunan fasfon mutane amana ce, a riƙa kwafe su a faifan waje, a cire shi bayan an gama. Faifan da ke soke kullum tare ake kulle shi da kwamfutar in mugun shiri ya shiga.

Saboda yara, a sa DNS (mai fassara sunan shafi zuwa adireshinsa) na rautar kamfani 1.1.1.3 da 1.0.0.3, na Cloudflare ne, yana tace shafukan cuta da na batsa. Wasu rautocin kamfani ba sa barin a canza, to sai a sa a laftof ɗin kanta. Kuma tunda layin da sunanka yake, kai za a fara nema kan duk abin da aka aikata da shi, don haka kalmar Wi-Fi kada ta zagaya imara, wato duk benen.

Abu Sadik, Jidda

Allah Ya saka muku da alheri. Saura ɗaya: in mai gida ya hana huda bango, na'urar da ke bi ta wayar lantarki za ta yi?

Ɗan Jarwal, Makka

Da wuya, Alhaji. Kowace shigga da mitarta da akwatin fiyus ɗinta, siginal ɗin ba ya tsallaka wannan da kyau, kuma mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na tashi gudun zai faɗi. Ka duba tsohon bututun wayar tarho ko na dish, yawanci daga akwati ɗaya suke hawa duk benen. A ɗaure Cat6 a jikin tsohuwar wayar a ja ta daga sama. In bututun ya toshe, akwai kebul mai faɗi siriri da ke wucewa ta gefen taga, amma kada a haɗa shi bututu ɗaya da wayar wuta.