"Waiwaye adon tafiya": ta dace da mai bi kuwa?

Maman Tagwaye: Salama gare ku, 'yan'uwa. Ran Lahadi fastonmu ya yi wa'azi kan wasiƙar da aka aika wa ikilisiyar Afisa, Wahayin Yahaya sura 2, inda Ubangiji ya ce sun bar ƙaunarsu ta fari, su tuna inda suka faɗo su tuba. Sai ya ɗora da cewa waiwaye adon tafiya. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. A da ni ke tayar da gidanmu addu'ar asuba. Yanzu sai in yi mako ban buɗe Littafi ba, alhali ban taɓa fashin Zumuntar Mata ba. Amma ai matar Lutu waiwaye ta yi ta zama gishiri. Wannan karin maganar ta dace da mai bi kuwa?

Ɗan Kwaya: Mama, ni a ganina ba ta dace ba. A Luka 9:62 Yesu ya ce wanda ya kama garma yana duban baya bai cancanci Mulkin Allah ba. Bulus ma ya gaya wa Filibiyawa cewa yana mance abin da ke baya yana kutsawa gaba. Bahaushen da ya yi wannan karin maganar shi ne kuma ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na san mutane da ba su da hira sai ta farkaswar da aka yi suna samari. Labarin ya zame musu abinci, yau kuwa ba sa taɓuka komai.

Baba Mai Bishara: Ɗana, ka kawo ayoyi masu nauyi, amma ka sake sauraron maganar. Ba a ce waiwaye adon zama ba, adon tafiya aka ce. Mai kora jakai zuwa kasuwa yana waiwaye ya ga ko kaya ya karkace, ko yaron da ke binsa ya rage a baya, ƙafarsa kuwa ba ta tsaya ba. Matar Lutu zuciyarta ce ta koma Saduma, wuyan bin ta kawai ya yi.

Mu da muka tashi da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932, Ru'ya ta Yohanna muke kiran littafin Wahayin Yahaya. Ku duba su waye mutanen Afisa. Bulus ya yi shekara uku a cikinsu. Su ne suka tara littattafan sihirinsu suka ƙone a bainar jama'a, aka lissafa kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, yana nan a Ayyukan Manzanni 19. Kuma a wasiƙar ba a ce sun daina aiki ba. An yaba wahalarsu da jimirinsu, an yaba yadda suka gwada manzannin ƙarya suka gane su. Komai na tafiya, ƙaunar ce ta sulale ba wanda ya ji faɗuwarta. Irin wannan asarar, 'yata, ba yadda za a yi mutum ya gane ta sai ya waiwaya, domin gabansa lafiya lau yake gani. Abu uku aka ce musu: su tuna, su tuba, su koma ga ayyukan fari. Mutanen da ɗana ke magana a kansu a na farkon suka yi zango.

Malamar Makarantar Lahadi: Baba, kun tuna mini da Sardisu, ɗaya daga cikin ikilisiyoyi bakwai da aka aika wa wasiƙu a littafin nan, har da Afisa da Lawudikiya. An ce mata tana da suna ita rayayya ce, alhali matacciya ce, wato kallon kitse ake wa rogo. Birnin a kan dutse yake, mutanensa suna ganin ba mai iya hawa, amma sau biyu aka ci shi saboda masu gadi sun yi sakaci, na farkon a zamanin Sairus sarkin Farisa. Shi ya sa kalmar da aka faɗa musu ita ce su farka. Lawudikiya kuma girgizar ƙasa ta rushe ta a shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, suka sake gina ta da dukiyarsu ba su karɓi taimakon Roma ba. Masu cewa ba su rasa komai ba, su aka ce wa ba zafi ba sanyi. Abin da ya fi taɓa ni, ayar nan da Yesu ya ce yana tsaye yana ƙwanƙwasa ƙofa, wadda muke karanta wa waɗanda ba su tuba ba, ikilisiyar Lawudikiya aka rubuta wa ita.

Manomi daga Malumfashi: Ni damuwata wata ce dabam. Duk sa'ad da aka karanta wasiƙun nan bakwai, sai ka ji ana raba su: wannan ɗarikar ce Lawudikiya, waccan majami'ar ce Sardisu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bulus cewa ya yi da Korantiyawa su gwada kansu. In waiwayen na duba sawun maƙwabci ne, ba ado a cikinsa.

'Yar Jos: Mama, kafin ki yanke wa kanki hukunci, ki tuna ba duka bakwai ɗin aka tsawata wa ba. Samirna matalauciya ce mai shan tsanani, Filadelfiya ƙarfinta kaɗan ne, amma ba a ɗora wa ko ɗayarsu laifi ba. Gajiya dabam, sanyin ƙauna dabam. Mace mai rainon tagwaye ba za ta yi asubancin da ta yi tana budurwa ba.

Ɗan Kwaya: Baba, na karɓi bambancin da kuka yi tsakanin waiwayen tafiya da na zama. Inda har yanzu nake tsoro shi ne mutum ya auna kansa da zafin da ya ji ranar baftismarsa, ya ga bai kai ba, ya karaya. Ji yana hawa yana sauka.

Baba Mai Bishara: Shi ya sa ba a ce su koma ga abin da suka ji da fari ba, ɗana. Abin da suka yi da fari aka ce.

Maman Tagwaye: Na gode muku duka. 'Yar'uwa ta Jos, na so ƙwarai in fake da maganarki, amma tagwayen sun shiga sakandare, ba su ke hana ni ba. Na zauna na waiwaya kamar yadda Baba ya ce, na kuwa ga inda kayan ya karkace. Tun da muka sami saɓani da wata 'yar'uwa a Zumunta kan kuɗin anko, shekara uku ke nan, in na durƙusa sai fuskarta ta zo mini, sai na rage durƙusawar. Muna zama benci ɗaya, muna cin Jibin Ubangiji tare, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Gobe in Allah ya kai mu zan je gidanta kafin ta fita kasuwa. Ku sa ni a addu'a, don ban san da wace kalma zan fara ba.