Kuɗin Yankan Shinkafa da Maganar Paparoma

Ɗan Auta: Jama'a, raina a ɓace yake. Mun yi wa wani mai gona yankan shinkafa a wajen Kura, har da bugu da ɗinkin buhu, ƙaiƙayi duk ya cinye mana wuya. Ya loda ya kai kasuwa, mu kuwa kullum "sai gobe". Kuma ranar Lahadi shi ne a bencin gaba a coci! Fada, limamin cocinmu na Katolika, ya gaya mana tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya haramta danne haƙƙin ɗan ƙwadago.

Kawu na ECWA (cocin da ba na Katolika ba): Ya haramta? Ɗana, wane ne Paparoma da zai haramta? Allah ne ke haramtawa. Buɗe Littafin Firistoci 19:13, ladan ɗan ƙwadago ba ya kwana a hannun mai aiki.

Katikis (mai koyar da addini a cocin Katolika): Kawu, ba wanda ya ce shi ya ƙirƙiro. Ikkilisiya bayani take yi wa kowane zamani. A 1963 Paparoma Yohanna na 23 ya rubuta wasiƙar Pacem in Terris, ya jero haƙƙin rayuwa, abinci, sutura, magani, lada mai adalci da 'yancin ibada. Tushen nan yana Farawa 1:27, an halicci mutum cikin siffar Allah.

Kawu na ECWA: To in yana Farawa, me ya kawo wasiƙa? Littafi Mai Tsarki ya isa. 2 Timoti 3:16.

Katikis: Manzo Bulus ɗin da ya rubuta wa Timoti dai shi ya ce a 2 Tasalonikawa 2:15 a riƙe koyarwar da aka bayar, ko da baki ko a rubuce.

Yaya Mai Babur: A Littafi Mai Tsarki, naku na Katolika littattafai 73, namu 66. Bakwai ɗin daga ina?

Katikis: Ku za a tambaya inda kuka kai su.

Inna: Kai Mai Babur, ba ka da bakin magana. Bencinan da kuka ara ranar bikin godiya, biyu a karye kuka dawo mana da su, ko sannu.

Yaya Mai Babur: Haba Inna, tun a karye muka ɗauko su!

Malam, ɗan baffansu: Mu ma a hadisi an ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Auta, ka je wurin mai unguwa da shaidunka.

Kawu na ECWA: Ni dai kalmar "haramta" ce ban yarda da ita ba.

Ɗan Auta: Kuɗina fa, jama'a? Takin da na ci bashi yana jirana.

Shugaban zaure: Na bi maganar tun daga farko. Katikis ya kawo shekara, ya kawo aya, ba wanda ya iya ture hujjarsa. Kawu, da girmanka, kalma ɗaya ka kama ka ƙi saki. Ikkilisiyar da ta tattara mana Littafi tana da hurumin yin bayaninsa. Maganar benci Inna ce da gaskiya, a gyara su kafin Kirsimeti. Na rufe.