Bakin gulbin Isa (kogin Neja) da zafin nan, ina ake kai yara?

Baƙon Tawa: Salamu alaikum jama'a. Wata na 4 kenan da aka yo min afaktasiyo (canjin wurin aiki) zuwa Yamai, ina zaune Bukoki. To zafin ga na Afrilu ya kai mu bango, kuran (wutar lantarki) ya tafi ya dawo, yara sun ishe ni wai sai na kai su gulbi don 'yan lakwal ɗinsu can suke wuni ran Lahadi. Ni kuma ruwan da na sani bai wuce tabkin Tabalak ba. Ina ya fi dacewa da mai iyali don Allah?

Ɗan Gamkale: Wa alaikumus salam, barka da zuwa babban yaya. In shan iska ne kawai ku sauko kornish (hanyar bakin gulbi) ɗin Gamkale ko na Yantala bayan la'asar. In kuma rairayi kuke so sai Pilule, ka ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda ka kama hanyar Say. Yanzu ruwa ya ja baya sosai, Mayu da Yuni ma har tsibirai ke fitowa tsakiyar gulbi, ba kamar Disamba da Janairu ba lokacin da ruwan da ke tasowa daga ƙasar Gine ke isowa ya cika shi maƙil. Ran Lahadi rabin gari na can, 'yan fada da tabarmi da butar shayi bisa gawayi, masu kifi soyayye da yaji, masu ƙanƙara, samari na buga balo har magariba, ga masu kwalekwale suna ta kiran a zo a zaga. Ka tafi da dambunka daga gida dai, ya fi arha.

Uwar Biyu: Malam ni abu guda zan faɗa maka. Ja bayan ruwan nan shi ke ruɗin mutane. Bara ɗan ƙanwata yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai muka ga hannu kawai a sama, ashe rami ne. Wani bawan Allah mai kamun kifi ne ya finciko shi da wuyan riga, har yau in na tuna jikina rawa yake. Kar ka yarda ka ba su baya ko da na zuba shayi ne. Kuma akwai tsargiya, in ka ga yaro na fitsari da jini bayan 'yan makonni ka kai shi likita, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ɗan Gamkale: Gaskiyar Hajiya ce wallahi. Sannan in kun yi wajen ƙauyen Bubon cin kasuwar Laraba ku bi maganar masu jirgi, dorina na nan kuma ba ta san wasa ba.

Baƙon Tawa: Dorina kuma?? To madalla, na gode ƙwarai. Uwargida ta karanta ta ce ƙafa kaɗai za su tsoma. Pilule ɗin taksi na kaiwa har can ko sai na nemo mota?