Tambaya kan kalmar "get" ta Turanci da yawan ma'anoninta

Fuseina, Aboabo:

Assalamu alaikum, malamai da iyayena na wannan zaure. Ina shirin rubuta jarrabawar WASSCE, kuma kalmar "get" ta tsaya mini a wuya. An koya mana tun muna firamare cewa ma'anarta samu, amma sai in ci karo da "he got angry", inda ba a sami komai ba, ko "we got to Kejetia late", inda ake nufin isa wuri. Shin akwai ƙa'idar da ta tattara waɗannan ma'anoni, ko kuwa sai an haddace su ɗaya bayan ɗaya?

Malam Iddrisu, Asawase:

Wa alaikumus salam, 'yata. Akwai ƙa'ida, kuma tana cikin abin da ya biyo bayan kalmar, don haka can ya kamata idonki ya fara sauka. Idan suna ne ya biyo ta, ana nufin samu ko karɓa ko saye, kamar "I got a letter". Idan sifa ce, ana nufin sauyawa daga wani hali zuwa wani, shi ya sa "he got angry" ke nufin ya fusata, "it is getting dark" kuma duhu ya fara shiga. Idan wuri ne, isa ake nufi.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne irin "I got my phone repaired". Mai wannan magana bai taɓa sukurudireba ba. Ya kai wayar ne wurin mai gyara a Adum, ya zauna a benci yana kallo aka buɗe ta, ya biya, ya karɓi abinsa. Wato ya sa an yi masa aikin. Amma a "he got arrested" babu wanda ya sa aka yi masa komai, abin ya faɗa masa ne, an kama shi, kuma Turawa sun fi amfani da wannan ginin a kan abin da ya auku ba zato, musamman maras daɗi. "I have got to go" kuwa tilas ce zalla.

Hajiya Memuna, Tafo:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Fuseina, kada wannan ya razana ki, domin kin daɗe kina sarrafa irinsa a bakinki. Muna cin tuwo, muna cin kasuwa, muna cin bashi, ana cin zaɓe, ana cin amana, kuma ba ki taɓa ruɗewa ba. Maƙwabtanmu Asante ma haka suke yi da "di": da ita suke cin abinci, da ita suke hira, da ita suke yanke shari'a.

Sai dai ƙa'idar Malam ba ta kai ga wani rukuni ba, wato inda ƙaramar kalma ta manne wa "get" ta juya ma'anar gaba ɗaya. "Get over" warkewa ce daga ciwo ko baƙin ciki, "get by" lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu, "get away with" kuwa aikata laifi a tsira ba hukunci. Waɗannan kam sai hadda, kuma a cikin jimla ake haddace su. Ki lura kuma cewa "get down" da muke faɗa wa yaron mota a trotro tamu ce ta Gana. Bature zai ce "get off" ga bas, "get out of" ga tasi.

Salifu, Sabon Zango:

Ƙanwata, shawarata ta shafi takardar jarrabawa ce. A wasiƙar hukuma ko muƙala, ki zaɓi kalmar da ta fi nuna abin da kike nufi: "receive" ga wasiƙa, "obtain" ga takardar shaida, "become" ga sauyin hali, "arrive" ga isa. A wasiƙa zuwa ga ƙawa kuwa "get" ba ta da laifi ko kaɗan. Sannan za ki riƙa jin "gotten" a finafinan Amurka, amma Turancin Ingila da makarantunmu ke bi "got" yake cewa, ko da yake tsohuwar siffar ta wanzu a can cikin "ill-gotten", wato abin da aka tara ta haramtacciyar hanya.