Neman kalma kafin la'asar: statue da monument

Rabi'atu: Salamu alaikum malamaina. Ina da shiri ƙarfe huɗu, fassara ta maƙale. Labarin taƙaddamar baƙaƙen fatar Amurka ne a kan abin da aka kafa a dandalin Lincoln da ke Washington tun 1876: Abraham Lincoln, shugaban Amurka da ya ayyana 'yanta bayi, a tsaye ya miƙa hannu, wani 'yantaccen bawa a durƙushe gabansa ba riga, ga tsinkakkiyar sarƙa a wuyan hannunsa. A 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe, wasu suka ce a tumɓuke shi, wasu suka ce kul, gumin kakanninmu ne. Rubutun ya bambanta statue da monument. Me zan ce?

Sani: Mutum-mutumi. Shi ake ji a labarai kullum.

Hajiya Binta: Mutum-mutumin da muka tashi da shi na gona ne, tsumma a kan kara don korar tsuntsaye. Yanzu kuma an kai sunan kan na'ura. Jikana in ya ji mutum-mutumin Lincoln, tambaya zai yi ko da batir yake aiki.

Abdullahi: Ku daina kewaye-kewaye. Surar mutum da aka zuba da tagulla aka ɗora kan dakali gunki ce, ko wa ya ƙera.

Rabi'atu: Yaya Abdullahi, ina cewa gunki shirin ya mutu. Mai sauraro zai ce to me ake jira, a farfasa shi, bai ma ji hujjar ɗaya ɓangaren ba. Alhali 'yantattun bayi ne suka tara kuɗin, da yawansu sojojin da suka yi yaƙin basasa. Wata mata, Charlotte Scott, ita ta fara da dala 5, kuɗin farko da ta samu bayan 'yanci. Godiya suka nufa, ba bauta ba.

Malam Garba: Madalla da 'yata. Amma duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ta statue mai sauƙi ce, monument ce ba mu da ita. Ga shawarata: matuni. Daga tuna, yadda aka samu mabuɗi daga buɗe, madubi daga duba. Jam'i matunai. Hasumiyar Gobarau matuni ce, ganuwar Kano matuni ce, na Lincoln ma matuni ne, ba ruwanmu da siffa. Na jima ina koya wa ɗalibaina ita.

Sani: Allah ya gafarta Malam, abin tunawa fa? Kowa ya san shi.

Malam Garba: Abin tunawa bayani ne, ba suna ba. Tsarabar Makka ma abin tunawa ce. Harshen da kullum sai ya ce abin kaza, na'urar kaza, bai yarda da kansa ba.

Isuhu na Damagaram: Matuni ta yi daɗi a kunne, amma in na ji ta a rediyo zan zaci mai tuna wa liman aya ake nufi.

Malam Garba: Shi ai matuni ne mutum, wannan matuni ne abu. Karin sauti ya raba su.

Isuhu na Damagaram: To a rubuce fa, Malam?

Hajiya Binta: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Rabi, kalmar da za ta kayar da ke ita ce durƙushe. Bahaushe ya ji an ce mutum ya durƙusa gaban wanda ya 'yanta shi, sai ya ce ɗa na gari, mai ladabi. Mu da muke cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mai sauraronki ba zai gane abin da ya ɓata wa mutane rai ba.

Rabi'atu: Kai, Hajiya, Allah ya saka. Kuma nan ne zuciyar labarin. Frederick Douglass, babban jagoransu a zamanin, shi ya yi jawabin buɗewa ranar 14 ga Afrilu, 1876, shugaba Grant yana wurin. A gaban kowa ya ce Lincoln tun asali shugaban farar fata ne. Kwanaki kaɗan bayan nan ya rubuta wa jarida cewa yana son kafin ya mutu ya ga an kafa baƙin mutum a tsaye da ƙafafunsa, ba a ƙasa kamar dabba mai ƙafa huɗu ba. Kuɗin na baƙaƙe ne, amma kwamitin Turawa ne ya zaɓi zanen.

Hajiya Binta: To ki ce a gurfane. Wanda ake gurfanarwa gaban alƙali ba don ladabi ya yi ba.

Abdullahi: Ni dai Douglass ɗin ma da sauransa. Ka je ka buɗe abu, ka dawo kana ƙorafi a jarida? Irin su Booker T. Washington ne, wanda ya tsaya a Atlanta a 1895 ya ce baƙaƙe su rungumi sana'a su jingine neman daidaito. Nasa gunkin ma a makarantarsa ta Tuskegee akwai mutum a ƙasa. Bayin gida.

Sani: Haba Abdullahi. Douglass gudowa ya yi daga bauta a 1838, kuma bai taɓa jingine neman ƙuri'a ba. Kada ka zuba su a ƙwarya ɗaya. Bawan gida kuma ka yi hattara da ita, a nan tana da masu ita, kuma wasunsu sun riƙe manyan sarautu a fada.

Malam Garba: Mu koma kan matuni. Ku 'yan rediyo ne kuka cika mana harshe da aro. Da a ce Bature ne ya ƙirƙiro ta ya sa a ƙamus, da tuni kun haddace.

Sani: Ku kuma 'yan jami'a ku ƙirƙiro kalma ku rufe ta a kundin digiri, mai shayi bai taɓa jin ta ba. Mu ne za a bugo wa waya a ce ba a gane ba.

Malam Garba: Jami'a ma a kalma, da farko wa ya gane ta?

Isuhu na Damagaram: Kuma ku tuna ba Kano kaɗai ke sauraro ba. Duk abin da kuka yanke can sai a ce shi ne Hausa, mu namu karin harshe ne.

Rabi'atu: Don Allah a yi min uzuri, uku ta wuce. Ga abin da na rubuta: "Mutum-mutumin tagulla na Lincoln, wanda aka kafa don tunawa da 'yanta bayi, yana nuna baƙin mutum a gurfane gabansa. Birnin Boston ya cire nasa kwafin a Disambar 2020, na Washington yana nan." Tagullar za ta kore batir ɗin jikan Hajiya.

Malam Garba: Wato kin tsallake monument ɗin gaba ɗaya.

Rabi'atu: Baba, zan sa matuni sau ɗaya a ƙarshe, tare da bayani, in ji abin da masu bugo waya za su ce.

Malam Garba: Sau ɗaya. To. A dai ja wasalin ƙarshe, kada a ce matuni kamar sunan gari.

Abdullahi: Ni har gobe gunki zan ce.