Musayar Waƙa: Sojan Baƙi a Ƙasar Wasu

Malam Na-Ƙofar-Mata:

Assalamu alaikum. Maudu'inmu na wannan mako shi ne mamayar da sojojin wata ƙasa ke kai wa wata ƙasa: shin tana kaiwa ga nasara, kuma a wane hali take halatta? Kowa ya riƙe amsa-amonsa, kuma wanda zai kawo misali ya kawo shi da shekararsa. Zan buɗe da Iraƙi, domin sau biyu Amurka ta yaƙe ta, a 1991 da kuma 2003, sakamakon kuwa ya sha bamban.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da mulki, Mai karɓewa,
Wanda Ya so shi Yake ɗagawa,
Ba a yi sarkin da ya gagare Shi ba.

Saddam ya shige Kuwait da yaƙi,
Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce masa saki,
Ta ba shi wa'adi, shi ko ya ƙi,
Bai ɗauki gargaɗin a bakin komai ba.

Ƙasashe suka taru don korarsa,
Har Nijar ta ba da soja a kansa,
Awa ɗari aka yi ana yaƙin ƙasa,
Ba a bi shi har cikin Bagadaza ba.

Zuwa na biyu hujjar makamai ce,
Na ƙare dangi, haka Bush ya ce,
Aka tone ƙasar, magana ta lalace,
Ba a samu ko da guda ba.

Mako uku Bagadaza ta faɗi,
Aka kayar da gunkinsa ana jin daɗi,
Bremer, kantoman Amurka, ya sallami soja babu kuɗi,
Bai san wutar da ya kunna ba.

Wutar nan ce ta kai ga faɗuwar Mosul a hannun ISIS a Yunin 2014, kuma a cikin kwamandojin ƙungiyar akwai tsofaffin hafsoshin rundunar da aka rusa.

Hajiya Bagobira:

Malam, Allah Ya ƙara basira. Sai dai misalinka zai iya sa mai karatu ya zaci duk wanda ya bi azzalumi har gida ya yi kuskure, alhali kuwa Tanzaniya a zamanin Shugaba Nyerere ta bi Idi Amin na Yuganda har Kamfala bayan ya mamaye yankinta na Kagera, kuma ban ga laifinta ba.

Malam, ka dubi gabashin Afirka,
Inda Amin ya mai da kisa harka,
Alƙalin alƙalai da babban bishop ya hallaka,
Shekara takwas ana kallonsa a duniya.

A 1978 ya mamaye Kagera,
Ya kashe, ya kwashe, ya bar mutane da bara,
Nyerere ya kai wa shugabannin Afirka ƙara,
Suka yi gum kamar ba su cikin nahiya.

Sai ya tara soja har da 'yan sa-kai,
Da 'yan Yugandan da suka tsere da rai,
Sojan Gaddafi sun zo, sun sha kashi sarai,
A Afrilun 1979 Amin ya gudu Libiya.

Wanda aka shiga gonarsa da makami,
Ya kori ɓarawo, ya bi shi har rami,
Wa zai kira shi da sunan azzalumi?
Ni dai na ce yaƙinsa yana kan gaskiya.

Malam Na-Ƙofar-Mata:

Hajiya, na yarda yaƙin ya halatta,
Amma nasara sai an dubi bayanta,
Lule, magajin Amin, kwana 68 ya yi a kujerarta,
Shekara bakwai bayan nan Kamfala ba ta zauna ba.

Baba Kofur:

Ni ba malami ba ne, kofur ne mai ritaya, saboda haka a yi mini afuwa idan baitina ya karye. Ina cikin sojojin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka shiga Firitawun, babban birnin Saliyo, a Fabrairun 1998 domin mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah, wanda sojojinsa a ƙarƙashin Koroma suka hamɓarar a 1997, kuma abin da idona ya gani zan faɗa.

Mun kori su Koroma daga fada,
Kabbah ya dawo ana kiɗa ana guɗa,
Mata na miƙo mana lemo da gyaɗa,
Muka zaci aiki ya ƙare, za a sallame mu.

A Janairun 1999 'yan tawaye suka dawo,
Suka saje da masu gudun hijira suka shigo,
Yarinyar da suka datse wa hannu ni na ɗauko,
Idonta na tambayar ina amfanin zuwanmu.

Mun sake korarsu gida gida,
Abokan da muka rasa ba na iya ƙidaya a baki ɗaya, sai a takarda,
Daji kuwa nasu ne, sun san shi tun da,
Sun san baƙi ne mu, sai su zauna su jira mu.

Irin wannan jira ne Taliban suka yi wa Amurka har shekara 20, suka koma Kabul ranar 15 ga Agustan 2021 tun kafin jirginta na ƙarshe ya tashi. Duk da haka ban taɓa nadamar zuwa Saliyo ba, domin zaɓaɓɓiyar gwamnati ce ta nemi taimakonmu, kuma a ganina wannan ya isa hujja.

Ta-Ƙonni:

Baba, Allah Ya saka maka da alheri, Ya jiƙan abokan aikinka. Hujjar da ka kawo ita ce dai ECOWAS, wadda mu muke kira CEDEAO, ta kafa a kanmu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da ta ba sojoji wa'adin kwana 7 su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Ni a Birnin Ƙonni nake aure, mahaifiyata kuwa tana Illela, tsakaninmu tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur.

Da aka ce soja za su taho daga Najeriya,
Na fita na tsaya ina duban hanya,
Wadda nake bi in gaida Inna da safiya,
Na ce ta nan tanka za ta bi ta zo gidana.

Aka rufe iyaka, aka yanke wuta,
Albasa ta ruɓe a bayan mota,
Inna ta yi jinya, ta daji na bi na duba ta,
Ba a harba harsashi ba, amma abin ya taɓa raina.

Majalisar Dattawa a Abuja ta ƙi amincewa,
Malamai suka je Yamai don sasantawa,
Yaƙin bai auku ba, muka yi ta godewa,
Amma Bazoum ya zauna a tsare, ga shi na faɗa a baitina.

A Gambiya a 2017 Jammeh ya ga soja ya fice,
Don hafsan sojansa ya ƙi faɗa, ya kauce,
A Yamai kuwa filin Seyni Kountché ya cika har maraice,
Baba, da an tura ka, wa za ka fara harbi, ɗanka ko ɗana?